Zauren Fasaha: Ƙara Shafin Duba Imel a Kan Sabar da Take Aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfani da ke sayar da taki da iri da magungunan feshi a nan Jos. Muna da ma'aikata kusan arba'in, wasu a babban ofis, wasu a rumfarmu ta kasuwar Farin Gada, wasu kuma kullum suna kan hanya tsakanin Mangu da Bokkos wajen manoman dankali. Muna da sabar imel tamu ta kanmu, wato kwamfutar da take karɓa da aika mana wasiƙu, wadda muke haya, tana ɗauke da Ubuntu da Postfix da Dovecot. Wanda ya kafa ta ya bar aiki tun kafin in zo, bai kuma bar wani bayani a rubuce ba. A ofis kowa yana karanta wasiƙunsa ta Outlook lafiya lau, amma wanda ya fita gari sai ya dawo yake ganin abin da aka aiko masa. Manajanmu yana so mutum ya iya buɗe burawuza a kowace na'ura ya shiga akwatinsa kamar yadda ake shiga Gmail. Wani abokina ya ce dole sai mun rushe sabar mun kafa sabuwa wadda ta haɗa komai. Shin haka ne? Wace manhaja ta dace da mu, kuma tsofaffin wasiƙunmu za su tsira?

Daga wani mai karatu, Titin Bauchi, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron da kake ji yana kan hanya, domin sabar da ta yi shekaru tana aiki alhali babu wanda ya san cikinta, abar taɓawa ce da hankali. Sai dai shawarar abokin naka irin wadda ake cewa garin neman gira a rasa ido ce. Abin da manajanku yake nema, wanda masu sana'ar suke kira webmel, ba wata sabar imel ba ce ta biyu, kuma ba ya riƙe wasiƙun mutane a wurinsa. Idan ka fahimci wannan, sauran aikin duka zai zo maka da sauƙi, saboda haka bari mu ɗan tsaya a kansa.

Ka tuna yadda gidan waya yake aiki. Akwai masu karɓar buhunan wasiƙu daga wasu garuruwa, su kuma tura na garin nan zuwa inda za su. Wannan shi ne aikin Postfix, manhajar da Wietse Venema ya rubuta aka fitar da ita a 1998, wadda take magana da sauran sabobin duniya ta ƙa'idar SMTP. Akwai kuma mai kula da akwatuna, wanda yake duba mabuɗin kowa kafin ya bar shi ya buɗe nasa, kuma wannan shi ne aikin Dovecot, wadda Timo Sirainen ɗan ƙasar Finland ya fara fitarwa a 2002, tana amfani da ƙa'idojin IMAP da POP3. Outlook kuwa baƙo ne kawai da yake zuwa da mabuɗin ma'aikaci, ya karɓo masa abin da ke akwatinsa. Webmel ma irin wannan baƙon ne, bambancinsu shi ne shi ba a sa shi a kwamfutar kowane ma'aikaci, yana zaune ne a wuri guda, kowa yana isa gare shi ta burawuza. Idan ma'aikaci ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa a shafin, webmel zai miƙa su ga Dovecot, ita ce za ta ce ta yarda ko ba ta yarda ba. Idan kuma ya danna aikawa, webmel zai miƙa wasiƙar ga Postfix. Ke nan ba ka da buƙatar buɗe wa kowa sabon akwati, ba ka da buƙatar sauya adireshi, kuma bayanin nan na MX da ke gaya wa duniya inda za a kai wasiƙunku, ba za ka taɓa shi ba ko kaɗan.

Game da zaɓin manhaja, ni Roundcube nake ba ka shawara, ba tare da wani kwana-kwana ba. Kyauta ce, buɗaɗɗiya ce, wato kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta, an fara ta tun 2005, kuma daga fitowar jerin 1.4 a 2019 ta zo da fuskar da ake kira Elastic, wadda take daidaita kanta da girman allon waya. Wannan yana da muhimmanci gare ku, tun da ma'aikacin da ke tsaye a gonar dankali a Bokkos da waya zai duba wasiƙa, ba da laftof ba. Za ka ci karo da tsofaffin bayanai a intanet masu koyar da kafa SquirrelMail, to ka wuce su, domin fitowarta ta ƙarshe da aka tabbatar, wato 1.4.22, tun 2011 ce. Akwai kuma SOGo, wadda ta haɗa da kalanda da littafin adireshi na bai-ɗaya, tana da kyau ga ofishin da yake tsara tarurruka ta kwamfuta, amma kafa ta ya fi nauyi, kuma ban ga alamar abin da manajanku ya nema ya kai nan ba.

Kafin ka sa hannu a kan komai, ka nemi kamfanin da kuke haya a wurinsa ya ɗaukar maka cikakken hoton sabar kamar yadda take a yau, irin wanda ake iya mayar da ita gare shi idan abu ya ɓaci, ka kuma kwafi manyan foldojin saitin Postfix da Dovecot ka ajiye a wani wuri dabam. Bayan haka ka je ga kwamfuta ɗaya a ofis wadda Outlook ɗinta yake aiki, ka buɗe saitin akwatin, ka rubuta abin da ka gani a takarda. Tun da magabacinka bai bar maka wasiyya ba, wannan saitin shi ne wasiyyar, domin a nan za ka ga ainihin sunan sabar, da lambar ƙofar da ake karɓar wasiƙa ta cikinta, da wadda ake aikawa ta cikinta, da kuma ko ana shiga da cikakken adireshin imel ne ko da guntun suna kawai. Duk abin da Roundcube za ta tambaye ka, yana cikin wannan takardar.

A wannan dubawar ce kuma za ka sami amsar tambayarka ta uku, wadda a ganina ita ce mafi nauyi. Idan ka ga ƙofa ta 993 ko ta 143, da IMAP kuke aiki, wasiƙunku suna zaune a kan sabar, kuma ranar da webmel ya tashi kowa zai ga akwatinsa cike kamar yadda ya bar shi. Idan kuwa ka ga 995 ko 110, to POP3 ce, kuma ɗabi'ar POP3 ita ce ta kwashe wasiƙu ta kai kwamfutar ma'aikaci, sannan ta goge su daga sabar, ko dai nan take ko bayan wasu kwanaki. Outlook yakan bar kwafi na kwana 14 ne idan ba a sauya masa saiti ba. A irin wannan hali, mutum zai shiga webmel ya ga wasiƙun mako biyu kacal, ya ɗaga murya cewa sabon shafin ya cinye masa takardun shekara biyar, alhali suna nan cikin fayil ɗin PST, inda Outlook yake ajiye su a kwamfutarsa. Maganin shi ne ka ƙara wa kowane mutum akwatinsa a Outlook a karo na biyu, wannan karon ta IMAP, ka jawo tsofaffin foldoji daga tsohon zuwa sabon, ka jira su gama hawa, sannan ka cire na POP3. Aiki ne mai cin lokaci da data, gara a yi shi mutum biyu ko uku a rana, da yamma bayan an tashi. Ka kuma fara duba sararin da ya rage a faifan sabar, domin wasiƙun mutum arba'in da a da suke warwatse a kwamfutoci arba'in yanzu wuri ɗaya za su taru, kuma idan faifan ya cika, Postfix za ta daina karɓar wasiƙar kowa.

Sai batun inda za a zaunar da Roundcube. Tana buƙatar manhajar da ke miƙa shafuka, wato Nginx ko Apache, da harshen PHP, da ɗan ƙaramin rumbun bayanai irin MariaDB ko PostgreSQL ko SQLite, inda take ajiye littafin adireshin kowane ma'aikaci da sa hannunsa da zaɓin da ya yi na yadda shafin zai bayyana masa. Ana iya ɗora waɗannan duka a kan sabar imel ɗin kanta, kuma haka ƙananan ofisoshi da yawa suke yi. Amma ka duba shekarun Ubuntu ɗinku tukuna, wato babbar manhajar da sabar take gudana a kanta. Jerin Roundcube 1.6, wanda ya fito a 2022, ba ya aiki da PHP da ya gaza 7.3, alhali Ubuntu 18.04 da PHP 7.2 ta zo, kuma wa'adin kulawarta na yau da kullum ya ƙare tun 2023, na 20.04 ma ya ƙare a 2025. Idan ka tarar sabarku tana cikin waɗannan, shawarata ita ce ka yi hayar wata 'yar ƙaramar saba daban mai sabuwar Ubuntu ko Debian, ka kafa webmel a can, ya riƙa zuwa wajen tsohuwar ta ƙofa ta 993 da ta 587 kamar kowane Outlook. Da haka ba ka taɓa tsohuwar ba, idan gwajin ya lalace sai ka goge ƙaramar ka sake, kuma idan wata rana ɓarawo ya fasa shafin, ba a ɗakin da wasiƙu suke zai sami kansa kai tsaye ba. Wannan bai ɗauke maka nauyin sabunta tsohuwar sabar ba, amma wancan aiki ne mai zaman kansa, kada ka haɗa su rana ɗaya.

Ko a ina ka zaunar da ita, za ka je wurin da kuke sarrafa sunan kamfaninku na intanet, ka ƙara ƙaramin suna ɗaya, misali kalmar wasiku a gaban sunan kamfanin, ka nuna shi ga adireshin sabar da webmel yake kai. Daga nan sai takardar shaida, wadda take sa kwaɗo ya bayyana a burawuza, take kuma hana mai leƙe a hanya karanta kalmar sirrin ma'aikaci. Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta, ana karɓa da manhajar Certbot, kuma wa'adinta gajere ne, kwana 90 aka saba, shi ya sa ake barin na'ura ta riƙa sabunta ta da kanta. A nan akwai wani tarko da ya kama mutane da dama masu ɗora webmel a kan sabar imel ɗin kanta. Mai yiwuwa magabacinka da Certbot ya karɓo takardar da Postfix da Dovecot suke amfani da ita, ta hanyar da Certbot yake buɗe ƙofa ta 80 da kansa na ɗan lokaci duk sanda zai sabunta. Da zarar ka kafa Nginx ko Apache, sun tare wannan ƙofar, sabuntawar za ta riƙa faɗuwa a ɓoye, babu abin da za ka gani sai bayan wata ɗaya zuwa uku, ranar da kowane Outlook a ofis zai wayi gari yana kukan takarda ta mutu, kai kuma ka riga ka manta da abin da ka sauya. Saboda haka, bayan kafawa ka sa Certbot ya yi gwajin sabuntawa na dukkan takardun da ke kan sabar, ka gani da idonka cewa sun wuce.

Saitin Roundcube kansa yana cikin fayil ɗaya mai suna config.inc.php, kuma layuka kaɗan ne suke da nauyi a cikinsa. A jerin 1.6, layin imap_host shi ne inda za ka rubuta sunan sabar da ƙofar karanta wasiƙa, layin smtp_host kuma na aikawa ne. A tsofaffin jeri sunayensu default_host da smtp_server ne, wannan ne ya sa bayanan da za ka gani a intanet suke saɓa wa juna. Idan ƙofar 993 ce ko 465, ana fara sunan da ssl://, idan kuwa 143 ce ko 587, da tls:// ake farawa. Ka rubuta ainihin sunan sabar kamar yadda yake a jikin takardar shaidarta, ko da kuwa a na'ura ɗaya suke zaune, domin idan ka rubuta localhost, wato sunan da na'ura take kiran kanta da shi, tare da tls://, PHP zai ga sunan bai dace da na takardar ba, ya yanke hulɗar. Wannan shi ne sanadin ƙorafin da na fi ji daga masu wannan aiki, cewa karanta wasiƙa yana yi amma aikawa ta ƙi, saboda Dovecot tana sassauta wa mai zuwa daga cikin gida, Postfix kuwa a ƙofa ta 587 galibi an saita ta ne ta ƙi kowa sai ya kulle maganarsa yadda mai leƙe ba zai iya karantawa ba.

Wasu idan sun gaji da wannan sai su karkata aikawar zuwa ƙofa ta 25 ta cikin gida, inda Postfix take barin na'urar kanta ta aika wasiƙa ba tare da kalmar sirri ba. Zai yi aiki, amma kada ka yi. Ka bar layukan smtp_user da smtp_pass a kan %u da %p, ma'ana kowace wasiƙa za ta fita ne da suna da kalmar sirrin wanda ya shiga, ta yadda idan an wayi gari wani akwati yana watsa saƙonnin damfara, kundin da Postfix take rubuta duk abin da ya gudana a cikinsa zai nuna maka akwatin wane ne cikin minti ɗaya. Akwai kuma layin des_key, wanda Roundcube take kulle kalmar sirrin mutum da shi muddin yana cikin shafin. Ka tabbata haruffa 24 ne da aka zaɓa barkatai, ba waɗanda suka zo cikin fayil ɗin misali ba. Idan ka gama, ka kashe shafin kafawa, ka goge foldarsa mai suna installer gaba ɗaya. Akwai wani layi mai suna ip_check da wasu suke kunnawa don ƙarin tsaro, wanda yake korar mutum idan adireshin na'urarsa ya sauya. A nan ƙasar, inda datar waya take sauya adireshi tsakanin wannan tsauni da wancan, kunna shi zai sa ma'aikatanka na hanyar Mangu su riƙa faɗowa waje suna tsakiyar rubutu, don haka ka bar shi a kashe yadda ya zo.

Saura abin da manajanku bai tambaya ba amma ya kamata ka gaya masa. Daga ranar da shafin ya tashi, kun buɗe ƙofa a bakin titi wadda kowa a duniya yake iya ƙwanƙwasawa, kuma akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai gwada kalmomin sirri a irin waɗannan shafuka. Duk ma'aikacin da kalmarsa sunan ɗansa ce da shekarar haihuwa, a sa shi ya sauya kafin a buɗe. Ka kafa Fail2ban, wadda take toshe adireshin da ya yi ta kuskuren shiga, amma ka sa ta karanta kundin Roundcube, ba na Dovecot kaɗai ba, domin a idon Dovecot duk masu shigowa ta webmel daga adireshi ɗaya suke, wato na sabar webmel ɗin, kuma idan ba ka cire wannan adireshin daga jerin waɗanda ake toshewa ba, kuskuren mutum ɗaya zai rufe wa kamfani duka ƙofa. Ita kanta manhajar tana buƙatar sabuntawa a kai a kai. A watan Oktoba na 2023 kamfanin tsaro na ESET ya bayyana yadda wata ƙungiyar masu kutse da ake kira Winter Vivern ta yi amfani da wata ɓaraka a Roundcube a kan hukumomin gwamnati a Turai, inda buɗe wasiƙar kawai ya isa a kwashe saƙonnin mutum. A watan Yuni na 2025 kuma aka fitar da 1.6.11 da 1.5.10 don toshe wata ɓarakar da ta kai kimanin shekara goma a ɓoye, wadda take ba duk wanda ya shiga da kalmar sirri damar sarrafa sabar. An gyara duka biyun, amma gyaran yana amfanar wanda ya sabunta ne kawai. Ka lura kuma cewa kunshin Roundcube da ke cikin rumbun Ubuntu yana sashen da ake kira universe, wanda gyaran tsaro yakan yi jinkirin isa gare shi, saboda haka ni na fi son a ɗauko ta daga shafin masu ita, a kuma riƙa bibiyar sanarwarsu. Idan manajan ya ga wannan ɗawainiya ce marar dalili, ka tuna masa cewa akwatunan nan suna ɗauke da sunaye da lambobin waya da bayanan bankin manoma, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72 idan aka yi satar da za ta iya cutar da masu su.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni sakatariya ce a wani ofishin lauyoyi da ke Rayfield. Wani matashi ya kafa mana Roundcube watannin baya, kuma muna jin daɗinta, sai dai abu biyu suna damuna. Na farko, duk takardar da na ɗauki hotonta da sikana, idan ta ɗan yi nauyi sai shafin ya ƙi ɗaukarta, alhali ta Outlook tana tafiya. Na biyu, wasiƙun da na aika daga gida ta burawuza ba na ganinsu cikin waɗanda aka aika idan na zo ofis. Matashin ya tafi bautar ƙasa. Me zan gaya wa wanda zai zo gyara?

Daga wata mai karatu, Rayfield, Jos

AMSA: Malama, matsalolin nan biyu ƙanana ne, kuma ba za su ɗauki mai gyara awa guda ba idan ya san inda zai duba. Takardar da kike liƙawa a wasiƙa ta burawuza tana bi ta shingaye uku kafin ta fita, kuma kowane shinge yana da iyakarsa da ya zo da ita. Idan Nginx ce take miƙa shafin, iyakarta ta asali megabait 1 ce, a layin client_max_body_size. PHP kuma yana da upload_max_filesize mai megabait 2 da post_max_size mai megabait 8. Daga ƙarshe Postfix tana da message_size_limit, wanda yake kusan megabait 10. Outlook ba ya bi ta biyun farko, kai tsaye yake zuwa wajen Postfix, shi ya sa takardar take tafiya ta can ta ƙi ta nan. Mai gyara ya ɗaga ukun tare, ya kuma sake tayar da manhajojin bayan ya sauya, domin mantawa da wannan matakin ne yake sa a ce an gyara amma ba a ga canji ba.

Akwai lissafin da ya kamata ya riƙe. Imel ba ya ɗaukar fayil yadda yake, sai ya mayar da shi haruffa, kuma wannan yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, ta yadda takarda mai megabait 15 za ta zama kusan 20 a hanya. Dole iyakar Postfix ta ɗara ta PHP da wannan gwargwadon. Babu amfanin ɗagawa fiye da kima, domin sabar wanda za ki aika wa ma tana da tata iyakar, kuma Gmail ma megabait 25 yake bari a liƙa wajen aikawa. Ni da zan ba ki shawara daga gefe, ki rage ƙarfin sikanar zuwa ɗigo 200 a inci, ki zaɓi baƙi da fari ga takardun da rubutu ne zalla. Takardar rantsuwa mai shafi talatin za ta ragu ƙwarai, kuma babu alƙalin da zai kasa karanta ta.

Wasiƙun da kika aika kuwa ba su ɓata ba. Roundcube tana zuba su a folda mai suna Sent, Outlook kuma yakan buɗe tasa mai suna Sent Items, wayar iPhone ma takan buɗe ta uku mai suna Sent Messages, kowa yana zuba nasa a inda ya ga dama. Ki duba jerin foldojin da ke gefen hagu, za ki same su. A cikin saitin Roundcube akwai wurin zaɓar foldoji na musamman, inda ke da kanki za ki iya nuna mata ta riƙa amfani da wadda Outlook yake amfani da ita. Gyaran da ya fi ɗorewa shi ne mai gyara ya sa wa folda ɗaya alamar special_use a saitin Dovecot, domin kowace manhaja ta gane cewa nan ne ma'ajiyar abin da aka aika, sannan a kwashe na sauran a zuba a cikinta. Idan kuwa kika duba Outlook ba ki ga foldar Sent ba sam, to mai yiwuwa da POP3 aka haɗa shi, sai a bi hanyar da na bayyana a amsar da ta gabata.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos. Na kafa Postfix da Dovecot da Roundcube a kan tsohuwar kwamfuta a ɗakina don koyo, kuma komai yana aiki idan ina cikin ɗakin, amma abokaina ba sa iya buɗe shafin daga waje, wasiƙun da na aika zuwa Gmail kuma ba sa isa. Ina kuskuren yake?

Daga wani ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Ɗan'uwa, da alama kuskuren ba a saitinka yake ba, a layin da kake hawa intanet da shi yake. Yawancin layukan data na waya da na ƙananan rauta ba sa ba mutum adireshi nasa shi kaɗai, suna haɗa masu amfani da yawa ne a bayan adireshi guda, don haka babu hanyar da mai zuwa daga waje zai bi ya iso kwamfutarka. Kamfanoni da dama kuma suna toshe ƙofa ta 25, wadda sabobin imel suke miƙa wa juna wasiƙa ta cikinta, don hana watsa saƙonnin banza. Ko da wasiƙar ta fita, Gmail yana duba ko adireshin da ta fito yana da sunan da ke komawa gare shi, wato bayanin PTR, wanda mai layin ne kaɗai yake iya sawa, kuma tun watan Fabrairu na 2024 ya wajabta wa duk mai aiko masa wasiƙa ya kasance yana da SPF ko DKIM, wato hanyoyin tabbatar da cewa wasiƙar daga sunan da ta ambata ta fito. Webmel ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin shi miƙa wasiƙa kawai yake yi ga Postfix.

Ka ci gaba da amfani da ta ɗakinka wajen koyon saiti da karanta kundi, domin wurin da za ka ɓata ka gyara ba tare da ka cutar da kowa ba yana da daraja. Idan kana son ganin wasiƙa ta fita ta isa, sai ka yi rajistar suna mai ƙarewa da .com.ng ta hannun ɗaya daga cikin dillalan da NiRA, mai kula da sunayen intanet na Nijeriya, ta amince da su, ka yi hayar ƙaramar saba ta wata ɗaya, amma kafin ka biya ka tambayi masu ita ko suna buɗe ƙofa ta 25 kuma suna barin mai haya ya sa PTR, domin wasunsu suna rufe ta ga sababbin masu haya sai an nema a rubuce. A can kuma ba ruwanka da ɗauke wuta. Idan sabar ɗakinka ta mutu na 'yan awoyi, sabobin masu aiko maka sukan riƙe wasiƙar su yi ta sake gwadawa, Postfix ma kwana biyar take yi kafin ta haƙura ta mayar wa mai ita, amma shafin webmel ba shi da wannan rangwamen, domin wanda ya buɗe shi a lokacin babu abin da zai gani.